Gadon Sarautar Da Aka Naɗe Tabarmarta

A cikin watan Fabrairu na 2024 labari ya zo cewa wani dattijo mai suna Vittorio Emanuele ya rasu a birnin Jeneba. An ce ɗan sarkin Italiya na ƙarshe ne, kuma tun kafin a rufe shi ana ta muhawara a kan wanda zai gaje shi. Wannan magana ta ba mu dariya a rumfa, don kuwa Italiya ba ta da sarki tun 1946. Mutanen ƙasar ne da kansu suka jefa ƙuri'a ran 2 ga watan Yuni na shekarar suka ce ba sa so, uban nasa, Umberto na Biyu, ya bar ƙasar bayan ya yi kwana 34 kacal a kan gado. Shi Vittorio yana ɗan shekara tara a lokacin, kuma doka ta hana shi taka ƙasar har 2002. To gadon me ake ja? Wani daga cikinmu ya ce wannan ai rabon naman giwar da ba a harba ba ne.

Amma da muka natsu sai muka ga dariyar ta dawo kanmu. Mu da muke zaune a Jajimaji da Nguru da Gashuwa, kakanninmu da yawa jirgin ƙasa ne ya jawo su bayan da dogo ya iso Nguru a 1930, suka biyo cinikin gyaɗa da ƙaro da fata. Akwai Katsinawa, akwai Daurawa, akwai Kanawa da mutanen Damagaram. In aka zauna hira ba a rasa mai cewa shi jinin sarauta ne, da ba don kaza da kaza ba da yanzu gidansu ke mulki. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan suna jin wannan, suna kuma tambaya. Saboda haka muka ga ya kamata a zauna a duba yadda gidajen da aka ƙwace wa sarauta suka ƙare, a can da kuma a nan gida.

Su Turawa nasu gadon a jere yake kamar layin awo. Babban ɗa ne na farko, sai ɗansa, in babu sai ƙane, haka har ƙasa, kowa ya san lambarsa tun ranar da aka haife shi. Ba a bukatar kowa ya zauna ya zaɓa. Wannan ne ya sa ko an rushe sarautar lissafin ba ya tsayawa, tun da haihuwa da mutuwa kaɗai ke tafiyar da shi. Faransa ta rabu da sarauta tun 1870, amma har yanzu gida uku ke da'awa: gidan Orleans, da wani reshe na gidan Bourbon da ke Sifen, da kuma zuriyar gidan Napoleon. Abin mamaki ma shi ne sarautar ta kusa dawowa a 1873, lokacin da masu son sarki suka fi yawa a majalisa. Aka je wa wanda lissafi ya faɗa kansa, mai laƙabin Chambord, sai ya ce shi ba zai yi mulki ƙarƙashin tuta mai launi uku ba, sai dai a dawo da farar tutar kakanninsa. A kan ƙyalle ciniki ya watse. Ya mutu a 1883 bai bar ɗa ba. Kowane ɗan kasuwa ya san irin wannan mutum, mai saye ya zo da kuɗi a hannu shi kuma ya tsaya jayayya a kan igiyar ɗaure buhu.

Namu tsarin daban ne. A ƙasar Hausa duk wanda ubansa ko kakansa ya yi sarki yana da ido a kan gado, amma ba mai lamba. Masu zaɓen sarki ne ke zama su duba 'ya'yan sarki su ɗauki ɗaya, sa'an nan a naɗa shi, a buga masa tambari, talakawa su yi mubaya'a. Ke nan in aka kori gidan sarauta, jini kaɗai ba ya riƙe shi. Sai in masu zaɓe sun bi shi, kuma ya samu ƙasar da zai zauna da mutanen da za su kawo gaisuwa. In an rasa waɗannan, jika na uku ya zama manomi ko ɗan koli kamar kowa.

Katsina ce ta fi nuna wannan a fili. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya iso can, birnin ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Sarkin Haɓe, wato na gidan Hausa na kafin jihadi, Magajin Halidu, ya gudu arewa zuwa Ɗankama, aka bi shi aka ci garin, kuma abin da aka fi ruwaitowa shi ne a rijiya ya ƙare. Ba muna nan ba ne don mu yi wa kowa hukunci, malamai sun yi rubutu mai yawa a kan dalilan jihadin. Abin da ya shafi zancenmu shi ne abin da sauran manyan suka yi a wannan hali na gudu: ba su watse ba, sai suka naɗa Ɗan Kasawa a matsayin Sarkin Katsina, alhali ba su da ko rumfa ɗaya a cikin Katsina. Suka nufi Damagaram suka fake, suka yi shekaru a can. Wajen 1819 mutanen Maraɗi suka tayar wa wakilin da aka ajiye musu, suka kira Ɗan Kasawa, ya zo ya zauna.

Ku lura, bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina ya ci gaba da amsawa, kuma ya sake kafa fada irin ta gida, da Galadima da Ƙaura da Durɓi da 'Yanɗaka, waɗanda su ne ke zaɓen sarki. Shi Durɓi ma akwai labari a kansa da ya dace da wannan zance. Durɓawa su ne suka riƙe Katsina kafin Muhammadu Korau ya karɓe ta daga hannunsu, to maimakon a shafe su sai aka bar musu sarautar Durɓi da murya a cikin zaɓen sarki. Wannan dabara ce ta mutanen da, in ka karɓi gado daga hannun mutum ka bar masa abin da zai riƙe, don kada ya kwana yana wasa wuƙa.

Zaman Maraɗi ba zaman jira ba ne, zaman yaƙi ne. Rauda, wanda ya gaji Ɗan Kasawa, ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali, suka gamu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836, aka kashe su duka biyun. Duk da haka masu zaɓe suka sake zama suka naɗa Ɗan Mari. Gobirawa su ma, da suke sun rasa Alƙalawa, suka kafa Tsibiri dab da Maraɗi suka ci gaba da naɗa Sarkin Gobir. Daga baya Ɗan Baskore ya yi sama da shekara ashirin yana kai hari ƙasar Katsina, har tsofaffinmu na can suna ba da labarin yadda ake kwana da kunne ɗaya a ƙauyuka saboda mahayan Maraɗi. Amma birnin bai ciwu ba. Takobin nan Gajere, wanda ake dangantawa da Korau, yana cikin Katsina a hannun wanda ke zaune a fada, su kuma na Maraɗi suna riƙe da suna da jerin sarakuna. Kafin ƙarni ya ƙare gidan ya tsage, rikici ya kori Mijinyawa ya koma Tasawa, aka samu sarauta biyu daga tushe ɗaya. Haka abin yake, gidan da ya daɗe a waje yakan fara faɗa da kansa. Na Italiya ma da muka fara da su gida biyu ne: da Vittorio ya sanar a 2020 cewa mace za ta iya gado, don jikanyarsa ta shiga layi, 'yan'uwansa na reshen Aosta suka ce ba shi da ikon taɓa dokar.

Yanzu sai mu juya Daura, inda labarin ya fara iri ɗaya amma ya ƙare daban. Wajen 1805 Malam Isiyaku ya karɓi Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Suka yi ta yawo a ƙasashen arewa da gabas da birnin, har Allah Ya yi masa rasuwa bai koma ba. Lukudi ya gaje shi, bayansa Nuhu, kuma a ƙarshe gidan ya tabbata a Zango, wani reshe kuma ya kafu a Ɓaure. Aka wayi gari Daura uku ce: ta Fulani a birni, ta Zango, da ta Ɓaure. Su na Zango ba su yi ƙarfin Maraɗi ba ko kusa, hasali ma ƙarƙashin inuwar Damagaram suka zauna suna kai gaisuwa. In da a 1890 aka tambayi mai hankali wane gida ne zai koma garinsa, na Maraɗi ko na Zango, ba shakka Maraɗi zai ce.

Sai ga Turawa. Ingila da Faransa suka zauna a ƙasarsu suka ja layi a takarda, suka gyara shi a 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Layin ya bar Maraɗi da Tsibiri da Tasawa da Damagaram a hannun Faransa, ya bar Katsina da Daura da Zango a hannun Ingila. A 1906 Turawan Ingila suka sauke gidan Malam Isiyaku, suka ɗauko Malam Musa daga Zango, jikan Lukudi, suka zaunar da shi a Daura, daga baya aka haɗa masa ƙasar wuri ɗaya. Kimanin shekara ɗari gidan ya yi a waje. Musa ya rasu a 1911, ɗansa Abdurrahman ya hau ya yi shekara 55 har 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sa'an nan Umar Faruk Umar.

A wannan shekara ta 1906 ɗin dai aka sauke Sarkin Katsina Yero, na gidan Dallazawa. Ga gado babu kowa, ga kuma masu da'awarsa tun shekara ɗari suna zaune tafiyar kwana biyu ko uku a arewa. Amma sun zama mutanen Faransa, ba Baturen Ingila da zai tsallaka iyaka ya ɗauko sarki. Sai aka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda ya samu shiga wurin Bature Palmer, kuma gidansa ne ya ci gaba: Usman Nagogo a 1944, Kabir Usman a 1981, Abdulmumini a 2008. Ta haka Katsina ta tashi da gida biyu da suka rasa gado, Haɓe a Maraɗi, Dallazawa a cikin gari. A ganinmu ba wani fifikon haƙƙi ne ya mayar da na Zango ya bar na Maraɗi ba. Abin da na Zango suka yi shi ne sun riƙe fadarsu da masu zaɓensu har ranar da mai ƙarfi ya zo yana neman wanda zai naɗa, kuma ranar ta same su a ɓangaren da ya dace na layin.

Ko a Turai ɗin ma da lissafinsu yake a jere, in sarauta za ta dawo mai ƙarfi ne ke nuna wanda yake so. Sarkin Sifen Alfonso ya bar ƙasar a 1931. Bisa lissafi ɗansa Juan ne magaji, amma Janar Franco da ke riƙe da ƙasar bai yarda da shi ba, ya tsallake shi ya ɗauki ɗansa Juan Carlos, wanda ya hau a watan Nuwamba na 1975. Uban yana raye yana kallo.

Na Zazzau ba sai mun tsawaita ba, an san shi. Sarki Makau ya fita daga Zariya da Malam Musa ya ci garin, ya yi kudu zuwa Zuba, aka kashe shi wajen Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828. Ba su koma Zariya ba, amma masu jihadi ba su iya cin su ba, kuma har yau Sarkin Zazzau ake ce wa sarkinsu. Da gwamnati ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon babban birni bayan 1976, garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Sun ba da sunan garinsu, amma sunan sarautar da suka fito da shi daga Zariya yana nan.

To amma mu da ke zaune a ƙasar Borno ta da, akwai labarin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi duk waɗannan nauyi. Gidan Saifawa ya mulki Kanem da Borno ɗaruruwan shekaru, tun zamanin Mai Hume wanda ya karɓi Musulunci a ƙarni na 11, har ana lissafa shi cikin gidajen sarauta mafi daɗewa a duniya. Su ne suka gina Birnin Gazargamu, nan gabas da mu wajen Gaidam. Galadiman da ke riƙe da yammacin Borno daga Nguru ma nasu ne. A 1808 masu jihadi suka ci Gazargamu, Mai Ahmadu ya sauka ya ba ɗansa Dunama, shi kuma ya nemi taimakon wani malami, Shehu Muhammadu al-Aminu al-Kanemi, wanda muke kira Shehu Laminu. Malamin ya taimaka aka kori abokan gaba, amma daga ranar iko ya fara zamewa daga hannun Mai. Shehu ya gina Kukawa a 1814, Mai kuma yana zaune a Birnin Kafela da fadawansa da dukan adon sarauta, ana faɗuwa ana gaishe shi, amma dawaki da haraji suna Kukawa.

Shehu Laminu bai taɓa cire su ba har ya rasu a 1837. Da ɗansa Umar ya gaje shi sai zaman ya yi tsami. A 1846 Mai Ibrahim ya aika a asirce ya gayyato Sarkin Wadai, a daidai lokacin da yawancin mayaƙan Borno suka yi yamma. Wadai ta zo ta ci Shehu Umar da yaƙi, shi kuma kafin ya ja da baya ya sa aka kashe Mai Ibrahim. Mutanen Wadai suka ƙone Kukawa, suka naɗa ɗan Ibrahim, wani saurayi mai suna Ali, suka juya gida suka bar shi. Kwana arba'in aka ce ya yi. Umar ya dawo da rundunarsa, aka gamu a Minarge a bakin kogin Yobe, Ali ya mutu a fagen fama yana yaƙi. Sa'an nan Umar ya rushe Kafela, ya tarwatsa gidan da manyan da ke tare da shi. Babu wani Ɗan Kasawa da aka naɗa a hanya, domin ba a bar masu naɗin ba.

A duba bambancin da abin da ya biyo baya. A 1893 Rabe ya zo ya rushe Kukawa, ya kawar da gidan Shehu, ya zauna a Dikwa. Shekara bakwai ya yi, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilu na 1900. Nan da nan aka nemi 'ya'yan gidan al-Kanemi, aka same su da mutanensu. Faransa ta naɗa nata a Dikwa, Ingila ta jawo Shehu Abubakar Garbai ɓangarenta a 1902, daga baya ya zauna a Yerwa a 1907. A lokacin shekara 56 kacal ke nan da mutuwar Ali, akwai tsofaffin da suka ga Mai da idonsu. Na Daura sun yi ɗari sun koma. Amma da Turawa ke neman wanda za su ba Borno, gidan Shehu suka tarar a tsaye, shi suka ba.

Ba mu ce jinin Saifawa ya ƙare a duniya ba. Gidan da ya yi ɗaruruwan shekaru yana aure yana aurarwa, jininsa na cikin mutane da yawa, wataƙila har da waɗanda muke ciniki da su kullum a kasuwa. Da a Turai ne da an samu wani ya zauna da takarda ya fitar da wanda layi ya faɗa kansa, ana kiransa Mai ko da a ɗakin haya yake. A nan kuwa wanda ba a naɗa ba ba sarki ba ne, ko shi ɗan wane ne. Shi ya sa in ɗayanmu ya ce gidansu ne ke da sarautar gari kaza, tambayar da tsofaffi kan yi masa ita ce, wa aka naɗa na ƙarshe a gidanku, a ina, kuma su wa suka naɗa shi? Mai amsa wannan da sunaye yana da abin da zai gaya wa 'ya'yansa, kuma ya kamata ya sa a rubuta tun masu sani suna raye. Da yawa kuwa a nan muke yin shiru mu koma zancen farashin gero.

Kalmar Mai dai ba ta ɓace daga kunnenmu ba, tun da ga Mai Bade a Gashuwa, ga Mai Machina, kullum muna ji. Na Borno ne babu tun 1846, Shehu ake cewa. Wanda harkar kasuwa ta kai shi Gaidam, in ya samu sarari ya nemi wanda ya san hanya ya raka shi kufan Gazargamu. Zai ga tudun ganuwar ya kewaye fili mai faɗin gaske, da guntayen jan bulo da aka gasa a wuta a inda fada take, makiyaya na ratsawa da dabbobinsu.